Rigar Amarya Ta Cikin Waya

 

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na soyayya, ko na takarda ko waɗanda ake saki kullum da daddare a WhatsApp, ya san babin dina. Nan ne marubuciya take sakin hannu. Amarya ta fito cikin wata doguwar riga fara sol wadda aka yo odarta daga Dubai ko Faris, jelarta na share ƙasa, duwatsun jikinta na kashe ido, ango ya saki baki, 'yan baƙin ciki suka rasa inda za su sa kansu. Na karanta irin wannan babi ya fi a ƙirga, kuma har yau ban ci karo da wanda zif ɗin rigar ya ƙi rufuwa ba. Ban ga wanda rigar ta iso ana saura kwana huɗu biki, a dunƙule cikin ledar da ba ta kai matashin kujera girma ba. A wajen littafi kuwa, irin wannan rigar ce take zuwar wa 'yan mata da yawa, don mafi yawan amarenmu ba 'ya'yan Alhaji mai jirgi ba ne. Hoton rigar masu kuɗi suke gani a waya, su ga an rubuta farashin da aljihunsu zai iya, su tura kuɗi. A kan wannan ciniki nake so mu tattauna yau.

Farar rigar amarya baƙuwa ce a wurinmu, kowa ya sani. Iyayenmu an kai su ɗakin miji a lulluɓe cikin zane, bayan kamu da kwanakin lalle, babu wanda ya ga fuskarsu balle ya tsaya duba ɗinkin rigarsu. Ko a Turai ɗin ma Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta yayata ta, lokacin da ta auri Yarima Albert a 1840 cikin farin siliki. Mu kuma dina ce ta shigo mana da ita, tare da masu hoto da masu bidiyo, daga baya Instagram da TikTok suka ƙarasa aikin. Ba zan tsaya jayayya a kan dacewar dina ba. Malamai sun yi magana, mutane kuma ba su fasa ba, kuma muddin ana yin ta za a sayi riga.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne yadda ake yin kwafin riga. Ranar 29 ga Afrilun 2011 aka ɗaura auren Yarima William na Ingila da Kate Middleton. Sarah Burton, wadda a lokacin take gidan ɗinkin Alexander McQueen, ita ta tsara rigar amaryar. Furannin leshin da ke jiki ɗaya bayan ɗaya aka yanko su aka ɗinka da hannu, kuma an bayyana cewa masu aikin suna wanke hannu duk bayan minti 30 don kada su ɓata zaren, ana canza musu allura duk bayan awa 3. Maɓallai 58 ne a bayan rigar, jelarta kuma ta kai mita 2.7. Cikin 'yan kwanaki kwafinta ya fara bayyana a shaguna, har da na birnin Suzhou a ƙasar Chaina. Waɗanda suka yi kwafin ba su taɓa rigar da hannunsu ba, ba su juya cikinta sun ga yadda aka haɗa ta ba. A talabijin da jarida suka gan ta, kamar yadda kowa ya gani. Sun ɗinka abin da idon kyamara ya nuna musu, abin da bai nuna ba kuma suka cike da abin da ya fi arha.

Shi Suzhou ɗin, wanda ba shi da nisa da Shanghai, yana da wata unguwa da ake kira Huqiu, wadda ta yi suna a duniya wajen ɗinkin rigunan amare. Shaguna ne da ƙananan masana'antu jere da juna. Don a yi adalci, a can ana ɗinka riguna masu kyan gaske, waɗanda manyan shagunan Turai da Amurka suke saya su sa sunansu. Ana kuma ɗinka na banza. Kamar Kantin Kwari ne, akwai na kowane aljihu. Matsalar ita ce, mai sayar da ta banza da mai sayar da ta kirki duk hoto ɗaya suke sawa, kuma sau da yawa hoton ba na ɗayansu ba ne. An ɗauko shi ne daga wurin wanda ya ƙirƙiri rigar tun asali, an goge tambarinsa, wani lokaci a yanke kan matar da ta sa rigar don kada a gane ta. Yanzu ma abin ya ƙara lalacewa, don akwai hotunan da kwamfuta ce ta zana su, rigar da ke ciki ba a taɓa ɗinka ta ba a duniya.

Amaryar da ke Kano ko Gusau kuwa ba kasafai take sayayya kai tsaye daga can ba. Tun daga 2022 bankunanmu da dama suka dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙasashen waje, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi. Wannan ya buɗe kasuwa ga 'yan tsakiya. Wata ce za ta kwaso hotuna daga AliExpress ko 1688, ta zuba a shafinta, ta rubuta cewa sai an biya sannan a yo oda. Ita ma tana da wakili a Guangzhou da zai saya mata, da mai jigilar kaya da zai auna nauyi ya caje ta a kan kowane kilo. Ku riƙe wannan magana ta kilo, za mu dawo kanta. Daga masana'anta zuwa hannun amarya rigar takan bi hannu huɗu ko biyar, kuma a cikinsu babu wanda ya buɗe leda ya gwada ta da hoton.

Na ga wannan da idona a bikin taubashiyata, 'yar Gwaggona, a farkon 2024. An sa ranar dinarta Asabar 2 ga Maris, cikin rububin bukukuwan da ake yi kafin azumi, don a shekarar an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris. Ta zaga teloli biyu ko uku da hoton rigar da take so, mafi sauƙinsu ya ce naira 250,000, da kaya da aiki. Sai wata ƙawarta ta turo mata wani shafi da ke sayar da kayan amare, ga rigar nan sak, wai naira 95,000, za ta iso cikin sati uku zuwa huɗu. A canjin lokacin kuɗin bai kai dala 100 ba. Ta tsakuro daga kuɗin da mahaifinta ya ba ta na kayan kicin, ta tura a makon farko na Janairu, ba ta gaya wa kowa a gida ba. So take ta ba mu mamaki, haka ta ce daga baya.

Ƙarshen Janairu ya zo, aka ce mata ana kan ɗinki. Daga nan sai aka ce 'yan Chaina sun tafi hutu. Wannan ba ƙarya ba ce. Sabuwar shekararsu ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu a 2024, kuma lokacin masana'antu kan rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu, wasu sai bayan sati biyu ko uku suke dawowa. Duk ɗan kasuwar Kwari da ke harka da Chaina ya san da wannan hutu, yana lissafa shi tun watanni kafin ya zo. Wadda ta karɓi kuɗin taubashiyata ko dai ba ta sani ba, ko ta sani ta yi shiru. Ana cikin haka dala ta yi tashin gwauron zabi. Kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sai ga saƙo: kuɗin jirgi ya ƙaru, sai an ciko naira 30,000, in ba haka ba kaya za su zauna a can. Wanda ya riga ya zuba 95,000 ba ya ƙin cika 30,000. Ta ranta a wurin ƙawarta ta tura.

A ranar da aka ce kaya sun iso tashar mota daga Legas, Talata 27 ga Fabrairu, ta kira ni.

"Yaya, don Allah ki zo ki raka ni tasha, amma kada ki gaya wa Umma."

Tun da direban ya miƙo ledar gabana ya faɗi. Na yi diflomata a fannin tsara tufafi da ɗinki, na san nauyin rigar amarya mai faɗin da ke cikin hoton nan. Ba a ɗaukarta da yatsa biyu. Wannan kuwa an tsotse iskar ledar, an matse ta ta zama kamar fanke. Ba mu nufi gida ba, muka wuce shagon uwar ɗakina, matar da na yi koyon aiki a hannunta lokacin ina Poli, wadda muke kira Anti.

Anti ta yanka ledar, wani wari kamar na sabuwar tabarmar roba ya tashi. Ta ɗaga rigar ta girgiza ta sau ɗaya, duwatsu suka zubo a siminti kamar an watsa gero. Ba ta ce komai ba. Ta juya cikin rigar waje, ta shimfiɗa a teburin yanka, ta ce a buɗe mata hoton a ajiye kusa. Abin da ta nuna mana cikin minti goma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, don haka ku yi haƙuri in ɗan daɗe a kansa.

Ta fara da saman rigar. A hoton, daga ƙirji zuwa ƙugu rigar a tsaye take cak, babu lanƙwasa ko ɗaya. Abin da ke tsayar da ita wasu siraran tsinkaye ne na roba ko ƙarfe da teloli ke kira bonin, waɗanda ake zurawa cikin ɗinki, da yadi mai tauri da ake mannawa a ciki, sannan a rufe da shafin ciki mai laushi don kada ya soki jiki. Hawa uku ko huɗu ke nan, kuma ko ɗaya ba ya fitowa a hoto. Tamu hawa biyu ce, bonin babu ko ɗaya. Da amarya ta saka, saman ya zube ya tattare a cikinta kamar an rataya buhu.

Sai ƙasan. Faɗin da ake gani a irin waɗannan riguna net ne hawa-hawa, shida ko bakwai, da wani fatari mai zoben ƙarfe da ake sawa daga ciki. Nan maganar kilo ta dawo. Kowane hawa na net kuɗin yadi ne, kuma nauyi ne da za a biya wa jirgi. Wanda ke son ya sayar da riga ƙasa da dala 100 ya ci riba, dole ya rage. Hawa biyu aka sa mana, fatarin kuma ba a ma yi maganarsa ba. Rigar da ya kamata ta buɗe kamar laima ta kwanta a ƙafafu, kuma da aka haska fitilar waya daga baya ana ganin inuwar ƙafar mutum.

Leshin ma haka. A hoton kowace fure daban aka yanko ta aka jera yadda za ta bi jiki, manya a ƙasa, ƙanana suna hawa sama har su ɓace. A tamu leshin yadi ne aka shimfiɗa aka yanka kamar atamfa, ɗinki ya ratsa tsakiyar furanni, rabin fure a dama bai haɗu da rabinsa na hagu ba. Duwatsun kuwa da gam aka manna su, shi ya sa suke zuba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wuya da hannu. Rigar asali ba ta da hannu, kafaɗa a buɗe take. Taubashiyata, kamar kowace amaryarmu, ta ce a sa mata dogon hannu a rufe ƙirji da baya. Aka ce an ji. Sai suka rufe da wani net mai launin fata, irin wanda ake yi don ya saje da jiki a ga kamar leshin a kan fata yake zaune. To, fatar wa? Launin fatar Bature aka yi shi. A jikin yarinya baƙa kyakkyawa ya fito kamar an nannaɗe ta da bandeji, ga shi shara-shara bai rufe komai ba. Ba sutura, ba ado. Su a wurinsu sun cika alkawari, an ce hannu sun sa hannu. Telan unguwa ba sai an yi masa bayanin abin da Bahaushiya take nufi da "a rufe" ba.

Daga nan Anti ta ɗauko tef. Awo shida aka nema daga amarya: ƙirji, ƙugu, mazaunai, kafaɗa, hannu da tsayi. Ita ta auna kanta a ɗaki, a inci, su kuma can da santimita suke aiki, inci ɗaya santimita 2.54, kuma wajen juyawa ana samun ragi da ƙari. Tela mai ɗinka irin wannan riga yakan ɗauki awo fiye da goma sha biyar, har da nisan kafaɗa zuwa ƙugu ta gaba da ta baya, da tsayin takalmin da za a sa, sannan a zo gwaji sau biyu ko uku. Matar da ke cikin hoto doguwa ce, kuma masu ɗaukar irin waɗannan hotuna sukan dame rigar da maƙalai ta baya inda ba a gani. Ƙugun rigarmu ya sauko kusan inci uku ƙasa da ƙugun mai ita, zif kuma ya tsaya a tsakiyar baya ya ƙi hawa.

"Anti, ba za a iya buɗa ta ba?" in ji amarya, muryarta na rawa.

Anti ta nuna mata bakin ɗinkin. "Da me zan buɗa, 'yata? Duba nan. Ko rabin inci ba su bari ba. Riga in ta yi yawa a rage, in ta yi kaɗan sai in an bar mata yadi a ciki. Waɗannan ba su bar miki komai ba."

Ta zaro zare ɗaya daga bakin yadin ta kusanta shi da ashana. Ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Siliki na gaske in ya ƙone warin gashi yake yi, ya zama toka mai murmushewa. Wannan roba ce zalla, shi ya sa farinta yake da wani shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitila, shi ya sa kuma ba za a iya ɗora mata dutsen guga mai zafi a fitar da tattarewar da ta yi a leda ba.

Mun yi wa mai shafin magana a wurin, muka tura hotuna. Amsar farko ita ce ai kowa ya san hoto da zahiri ba sa zama ɗaya. Ta biyu, ba sa karɓar kaya bayan sun fita. Ta uku ba ta zo ba, don an toshe mu. Na daɗe ina tunanin yarinyar nan, don daga muryarta a saƙon da ta taɓa turowa ba ta girme mu ba. Ina kyautata zaton ita ma ba ta taɓa ganin rigar ba, daga Legas aka wuce da ita tasha. Wannan bai wanke ta ba. Wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan abin da bai gani ba, ya kuma rantse cewa sak ne, ya san abin da yake yi.

Wani zai ce ai akwai hukuma. Akwai. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo, in sun saɓa da yadda aka siffanta masa. Manyan kasuwannin intanet ma suna da tsarin shigar da ƙorafi, in kai da kanka ka saya ta cikinsu, ka kuma yi magana cikin kwanakin da suka ƙayyade. Amma wadda ta tura kuɗi asusun wata da ba ta san sunanta na gaskiya ko unguwarsu ba, wa za ta kai ƙara? In ma an ce a mayar da riga Chaina, kuɗin aikawa zai iya cinye rabin kuɗinta. Kuma ko da a ce za a dawo da kuɗin cif, ba zai zo kafin Asabar ba. Nan ne rigar amarya ta bambanta da takalmi ko jaka. In takalmi bai yi ba sai ka jira wani. Biki kuwa an raba kati, an biya kuɗin wurin taro, dangi sun taso daga Zariya da Maraɗi. Duk wanda ke sayar wa amarya kaya ya san ba ta da lokacin rigima.

Dole aka gaya wa Gwaggo. Ta zo shagon da mayafinta a hannu, ta kalli rigar, ta kalli 'yarta, ta zauna a kan benci. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

"Yanzu Hajiya," ta ce da Anti, "mene ne abin yi?"

"Hajiya, in kin yarda da abin da zan iya, ba abin da ke cikin wayar nan ba, zuwa Juma'a da daddare za ta samu rigar sawa."

Washegari da sassafe muka shiga Kwari, Anti ta zaɓi satin mai nauyi launin madara da leshi yadi uku. Ita da yaranta biyu suka kwana biyu a kan keke, ana kashe wuta suna tayar da janareta. Amarya ta zo gwaji sau biyu tsakanin lalle da kamu. Riga ce mai sauƙi, ba jela, ba tarin duwatsu, amma ta zauna a jikinta, ta rufe inda ake so a rufe. Da kaya da aikin gaggawa ta ci naira 140,000, Gwaggo ta karɓo kwasar adashenta kafin lokaci. In kun haɗa 95,000 da 30,000 da 140,000 za ku samu 265,000, wato an haura kuɗin da telan farko ya nema, ga bashin ƙawa, ga tukwanen da ba a saya ba.

Akwai masu cewa ai kwafi ba sabon abu ba ne a wurinmu, kuma gaskiyarsu. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, mai atamfar da muke kira Holan da Sufa, yana nan tun 1846, kuma kasuwanninmu cike suke da zanensa da aka kwaikwaya a Chaina. Shaddar Getzner ta Ostiriya ma haka. Mutane suna saye da saninsu, babu wanda ya mutu. Sai dai a duba yadda iyayenmu suke sayen atamfa. Za ta warware turmi, ta murza, ta shinshina, ta duba rubutun bakin zane, ta juya bayansa ta ga ko rinin ya ratsa, wata har ta ɗanɗana da harshe. In ta sayi na kwaikwayo ta san shi ta saya, a kuɗinsa. Kuma atamfa shimfiɗaɗɗen abu ce, abin da ka gani shi ke nan. Rigar amarya gini ce, rabin kuɗinta yana ciki inda ba a gani. Sayen ta daga hoto kamar sayen gida ne don fentin gate ɗinsa ya burge ka.

Ba na ganin laifin 'yan matan nan sosai. Yarinya ta taso tana ganin bikin 'ya'yan gwamnoni a wayarta kamar a gidan maƙwabta ake yi, ƙawayenta suna ajiye hotuna tun kafin a samu mijin, kuma ta san za a ɗauki bidiyonta a yaɗa, waɗanda ba a gayyata ba ma su tofa albarkacin bakinsu. Mu marubuta muna da hannu a wannan yunwa. Mu muke rubuta "an yo odarta daga waje" kamar wata shaidar daraja, mu ƙi ambaton tela sai in za a nuna talaucin jaruma. Da za a samu wadda za ta rubuta daren Alhamis ɗin nan a shagon Anti, da ƙarar janareta da amarya zaune da lalle a ƙafa ana soka mata fil a riga, ni dai zan karanta shi fiye da sau ɗaya.

Wadda duk ta ƙudura sai ta yi oda, aƙalla ta sa hoton a Google Lens ta ga inda ya fito. Mun gwada da namu daga baya, cikin daƙiƙu ya kai mu wani gidan ɗinki a Turai, inda kuɗin rigar ya kai dubban daloli, ga kuma shaguna fiye da goma suna tallar hoton a farashi daban-daban. Ta nemi bidiyon rigar da mai sayarwa ta taɓa kawo wa wata, a juya cikinta a nuna, ta tambayi hawa nawa ne net ɗin, kilo nawa ce rigar. Tela ya auna ta, kada ta auna kanta. Ta ba da tazarar wata uku ko huɗu, ta duba kalandar hutun Chaina, ta ware kuɗin gyara. In ta yi duk wannan za ta tarar arhar ta ragu ƙwarai. Ga kuma masu ba da hayar rigunan amare a Kano da Kaduna da Abuja, inda za ki je ki saka, ki tsaya gaban madubi, ki zauna ki tashi, kafin ki ba da ko sisi. Rigar da awa huɗu za a yi da ita, ban ga abin kunya a hayarta ba.

Ita rigar Chaina ta yi wata guda a ƙarƙashin teburin Anti. Da sallah ta matso, ta farke net ɗin ta rina shi ruwan hoda, ta yi wa ƙannen amarya biyu rigunan sallah da shi. Saman kuwa ta ajiye, tana nuna wa sababbin yaran shago yadda ciki yake in ba a sa bonin ba.